Yadda Aka Yi Wa Tirelarmu Kuɗi Kafin A Ba Ta Inshora

Ni da ƙanena muna da tirela guda ɗaya, DAF, wadda muka saya a 2022. Sana'armu ta gado hatsi ce a kasuwar Dawanau, kuma abin da ya sa muka sayi motar tun farko shi ne mu huta da jiran motar haya duk lokacin da muke da masara ko waken suya da za su tafi Ibadan ko Legas. Amma duk wanda ya taɓa riƙe babbar mota ya san kayan mai ita kaɗai ba sa ciyar da ita. In ta sauke a kudu ba za ta hauro fanko ba. 'Yan kamasho za su nemo mata lodi, ko taliya, ko tayil, ko rodi, ta taho da shi Arewa, kuɗin dakon ya rufe na gas. Haka muka yi ta tafiya da ƙaramar inshorar nan da doka ta wajabta, wadda ba ta biyan komai sai ɓarnar da motarka ta yi wa wani, har zuwa 2024, lokacin da wani kamfanin sarrafa abincin kaji ya ce zai ba mu aikin ɗauko masa kaya a kai a kai, da sharaɗin mu kawo cikakkiyar inshorar motar da kuma ta kayan da ke kanta.

Kafin mu je ko'ina sai da muka tsaya a gida. Mahaifinmu ne ya ba mu jarin farko, kuma ba ma yanke babbar shawara bai sani ba. Da na gama yi masa bayani sai ya ce, "To, kun tambayi malamai? Ni dai abin da na taso na ji, inshora akwai magana a kanta." Yana da gaskiya. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke hukunci a Jidda tun 1985 cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita tana da garari mai yawa, wato rashin tabbas a cikin ciniki, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wato takaful, wadda aka kafa kamfaninta na farko a Sudan a 1979. A Nijeriya hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yau akwai kamfanonin da ba sa yin komai sai shi, irin su Noor da Jaiz. A tsarinsa, kuɗin da ka bayar gudummawa ce cikin asusun mahalarta, kamfanin wakili ne mai karɓar ladan kula da asusun, in an samu rara kuma a raba. Hankalin Baba ya kwanta da wannan, muka zaɓi ɗaya daga cikin kamfanonin takaful. Sai dai in faɗa tun yanzu: ko takaful ko wanda aka saba, yadda ake sa mota a rukuni da yadda ake yi mata kuɗi hanya ɗaya ce, domin hukuma ɗaya ce ke kan su duka.

Mun bi ta hannun dillalin inshora mai rajista, wanda wani abokin harkarmu mai motoci da yawa ya haɗa mu da shi. Ladansa daga kamfani yake fitowa, ba daga aljihunmu ba. Da muka zauna, bai fara tambayar shekarar motar ba, bai tambayi nawa muka saye ta ba. Cewa ya yi, "Alhaji, kayan wa motar take ɗauka?"

Na ce namu.

Ya ce, "Naku kaɗai? In ta sauke a Ibadan, da me take dawowa?"

A kan wannan tambayar komai ya ginu. A wurin masu inshora, motar kaya iri biyu ce tun kafin a dubi girmanta: wadda take ɗaukar kayan mai ita kaɗai, da wadda take dako ana biyan ta. Ya fito da jadawalin da NAICOM ta fitar a Disambar 2022, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023. A ƙaramar inshora, motar hawa ta gida tana biyan naira 15,000 a shekara, kuma iyakar abin da za a biya na dukiyar wani da ta lalata miliyan 3 ne. Motar da take ɗaukar kayan mai ita tana biyan 20,000, iyakarta miliyan 5. Babbar motar dako kuwa 100,000 take biya, iyakarta ita ma miliyan 5. Keke Napep 5,000, babur 3,000. Wato mota ɗaya, inji ɗaya, tayoyi iri ɗaya, amma kuɗin ya ninka sau biyar saboda aikin da take yi.

Da farko abin yana kama da son kuɗi, amma in ka yi shekara kana sallamar mota daga tasha za ka gane dalilin. Motar da take ɗaukar kayan mai ita tana fita ne in yana da kaya, tana bin hanyar da ta sani, kuma mai ita ya san abin da aka ɗora mata. Motar dako ba ta hutawa. Yau tana Apapa, jibi tana Fatakwal, an loda mata kayan da direba bai ga yadda aka auna su ba, mai kaya yana ta buga waya yana tambayar ina aka kwana, direban kuma yana so ya sauke da wuri ya kama wani lodin domin a nan alawus ɗinsa yake. Yawan kwana a hanya, yawan tafiyar dare, yawan gajiya, duk su ne ake sa wa kuɗi.

Mutane da yawa suna rubuta "kayan kaina" domin su biya 20,000, alhali motar dako take yi. Dillalin bai ɓoye mini cewa ana yi ba, amma ya ce shi ba zai sa hannu a irin wannan takarda ba. Ni ma na san wanda abin ya faɗa wa a kasuwarmu. Motarsa ta kwace ta shiga shagunan mutane a hanyar kudu, kuma takardar lodin da 'yan sanda suka karɓa a hannun direba tana ɗauke da sunan wani ɗan kasuwa daban. Kamfanin da ya ba shi inshora ya ɗora takardar lodi kusa da fom ɗin da ya cike da hannunsa, ya ce abin da aka shaida masa ba shi ne abin da motar take yi ba. Bawan Allahn nan sai da ya sayar da fili kafin ya sallami masu shagunan. Na tausaya masa ƙwarai, har yau ina tausaya masa, amma ban ga inda kamfanin ya zalunce shi ba. Yarjejeniyar inshora a kan gaskiyar abin da ka faɗa take tsayuwa, domin su ba sa bin motarka su ga inda take zuwa.

Aka rubuta tamu a rukunin dako. Daga nan tambayoyi suka ƙara shiga ciki. Wane irin bodi ne a bayanta? Tankar mai tana da nata lissafi, kuma shi ne mafi tsada, domin in ta faɗi ba ita kaɗai take ƙonewa ba. Tifa mai ɗibar yashi da dutse haɗarinta na kifewa ne a wurin juye kaya da cikin ramukan haƙa. Mai shimfiɗaɗɗen baya da ke ɗaukar kwantena ana duba ko tana da makullan da ke riƙe kwantenar. Mai ɗaukar shanu daban, mai firji daban. Tamu mai bango ce ta buhuna, kuma hatsi ba ya kama wuta da kansa, ba ya malala a kwalta, don haka muna cikin masu sauƙi. An tambayi tan nawa aka ƙera ta ta ɗauka, ƙafa nawa gare ta, wace hanya ta fi bi, ta Lokoja ko ta Mokwa da Jebba, ko tana tsallaka iyaka, da kuma inda take kwana in tana Kano: gareji mai katanga da maigadi, ko bakin titi.

Sai direba. Sun nemi hoton lasisinsa, kuma ba kowane lasisi ba, sai na rukunin G, wanda shi ne na motoci masu jan tirela. Sun tambayi shekarunsa da tsawon lokacin da ya yi yana jan babbar mota. A nan dillalin ya ja kunnena a kan wata al'ada da kowa ya sani: direba ya gaji a tsakiyar dare, ya miƙa wa yaron mota sitiyari ya koma baya ya kwanta. Haka kusan duk direbobinmu suka koyi tuƙi, kuma ba na raina wannan hanyar koyo, amma in haɗari ya faru yaron ne a kan sitiyari ba shi da lasisin da ya dace, kamfani yana da hujjar ƙin biyan gyaran motar. Da na dawo na zaunar da direbanmu, dattijo ne da ya girme ni, na ce, "Baba, in barci ya zo, a faka a Mararrabar Jos ko Tafa a kwana. Gara kaya su makara." Muka kuma ɗauki nauyin yi wa yaron nasa lasisi, tunda ya kai shekarun.

Wani abin da ya ɗauke mu lokaci shi ne kai da bodi. Mu a bakinmu mota ɗaya ce. A takardarsu abu biyu ne, kowanne da lambar shasinsa, kowanne da kuɗinsa. Dalilin a fili yake: ana cire kai a jona masa wani bodin, ana ajiye bodi a masana'anta yana jiran lodi kai ya tafi wani aiki. In kanmu ya ja bodin wani ya faɗi da shi, wannan bodin ba ya cikin abin da suka ɗauka, sai in an rubuta tun farko. In an sace tayoyin bodinmu yana ajiye shi kaɗai, sai an duba ko takarda ta ce yana cikin kariya ko da ba a jone yake ba. Na roƙi a rubuta wannan a fili, aka rubuta.

Bayan an gama da rukuni sai aka zo kan daraja, kuma nan ne ni da ƙanena muka fi daɗewa muna ja.

Kamfanin ya turo injiniyansa gareji. Mutum ne mai natsuwa, ya zo da tocila da tsumma da waya. Abin da ya fara yi shi ne goge lambar shasi ya karanta ta harafi-harafi, yana gwada ta da takardun kwastan da na rajista da shaidar mallaka. Haka ya yi wa lambar inji. Ya ce manyan motoci da yawa an canza musu inji daga Kofar Ruwa ko Ladipo, kuma wannan ba laifi ba ne, amma in lambar da ke jikin ƙarfe ta saɓa da ta takarda ranar da aka zo neman diyya, sai an sha wahalar tabbatar da cewa motar da aka yi wa inshora ce ta yi haɗarin. Namu injin na asali ne, giyabos ne muka canza, na kuwa nuna masa rasit. Daga lambar shasin ya fitar da shekarar da aka ƙera ta, wadda ita ce suke lissafi da ita, ba shekarar da ta sauka a Nijeriya ba. Motar ta yi shekaru tana aiki a Turai kafin ta zo hannunmu, kuma waɗannan shekarun suna cikin shekarunta.

Bai ba agogon kilomita muhimmanci sosai ba, ya ce ana taɓa shi. Ƙarƙashin motar ya shiga. Ya bi shasin da tocila yana neman inda aka taɓa yin walda ko aka miƙe lanƙwasa, ya duba sifirin, ya duba inda kai yake haɗuwa da bodi, ya duba ko mai yana ɗiga, ya karanta shekarar da ke jikin kowace taya. Ya sa aka tayar da ita ya saurari injin, ya dubi launin hayaƙi. Ya ɗauki hotonta ta kowane gefe, duk wata lotsawa da tsagewar gilashi da ya gani ya rubuta, na sa hannu a ƙasa, domin kada gobe a kawo tsohon rauni a ce sabo ne. Da ya ga ƙarin tankin gas da muka sa mai walda ya ɗaura mata, sai ya ce, "Alhaji, wannan ba da shi ta zo ba. In kana so a biya shi, sai an rubuta shi daban da kuɗinsa, kuma dole kamfani ya san yana nan, domin ya ƙara abin da zai ci wuta." Aka rubuta shi, tare da tamfol da ƙarin fitilu.

Bodin ya fi kan wuyar yi wa kuɗi, domin a nan gida aka ƙera shi, ba shi da wani littafin farashi. Sai ya rarraba shi: ƙafafun nawa suke a kasuwa, ƙarfen nawa, tayoyi nawa, aikin masu walda nawa, sannan ya rage na tsufa. Kan kuwa ya tambayi dillalan motoci a Legas da Kano nawa ake sayar da irinsa, mai shekara ɗaya da shi, wanda ya sauka yanzu, ya rage abin da hanyoyinmu suka ci a jikinsa tun 2022.

Rahotonsa ya fito: kai naira miliyan 44, bodi da ƙarin kayan da ke jiki miliyan 16. Jimla miliyan 60. Mu kuwa a miliyan 30 muka haɗa ta gaba ɗaya.

Ba motar ce ta ƙara kyau ba, naira ce ta faɗi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, da aka sake ta kuwa, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk abin da ke jikin DAF daga waje yake zuwa, har kuɗin fito na kwastan da dala ake lissafa shi. Motar ta tsufa da shekara biyu amma kuɗinta a naira ya ninka.

Ƙanena ya ce, "Yaya, mu rubuta abin da muka saya. Rasit ɗinmu miliyan 30 ya ce, ba ƙarya muka yi ba. Me zai sa mu biya inshorar kuɗin da ba mu kashe ba?" Maganarsa tana da nauyi, domin kuɗin cikakkiyar inshora kaso ne na darajar da aka rubuta. A kashi 6 cikin 100, miliyan 30 za ta ci miliyan 1.8 a shekara, miliyan 60 kuwa miliyan 3.6. Bambancin ya isa sayen tayoyi masu yawa.

Dillalin ya ɗauki biro ya yi mana lissafin a bayan ambulan. Ya ce a takardar akwai sharaɗin da ke cewa in ka rubuta ƙasa da darajar motar ta gaskiya, to kai ne ka ɗauki nauyin ragowar da kanka, kuma haka za a raba kowace asara. Motar miliyan 60 da aka rubuta a 30, rabinta aka yi wa inshora. In ta yi haɗari gyara ya kama miliyan 10, ba za a ce ai 10 ba ta kai 30 ba a biya duka. Miliyan 5 za a ba ka, sannan a cire kason da mai mota yake ɗauka a kowace diyya. In ta ƙone ƙurmus a ba ka 30, wadda ba za ta sayi ko kan ba. Kanikawa da masu kayan gyara kuwa da farashin yau za su sayar maka, ba na 2022 ba.

Na tambaye shi, to in mutum ya rubuta miliyan 80 fa? Ya ce asara ce ita ma. Inshora mayar da kai take yi inda kake kafin asara, ba ta ba ka riba. Ranar da abu ya faru za a sake tambayar kasuwa, a biya abin da motar ta kai a ranar, ko abin da aka rubuta, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Wanda ya kumbura kuɗin ya biya inshorar miliyan 20 da ba za a taɓa ba shi ba. Abin kamar kai sa kasuwar Wudil ne ranar Juma'a: ba mai tambayar nawa ka saye shi bara, abin da ya kai yau shi ne kuɗinsa.

Muka kwana biyu muna juya maganar. Abin da ya raba gardamar shi ne tambayar da na yi wa ƙanena: in aka kira mu da asuba aka ce motar ta tafi, za mu iya fitar da miliyan 30 daga jarin hatsi mu cika mu sayi wata? Ya yi shiru, sannan ya ce a rubuta 60.

A ganina wannan sharaɗin adalci ne, domin asusun na kowa ne, kuma wanda ya zuba rabin gudummawa bai kamata ya ɗebi cikakken rabo ba. Abin da ke damuna shi ne mutane nawa ne suka san da shi. Takardar shafuka ne masu yawa da Turancin lauyoyi, kuma akasarin masu manyan motoci a Arewa 'yan kasuwa ne da suka iya lissafi fiye da kowa amma ba su saba da irin wannan Turancin ba. Akwai masu sabunta inshora kowace shekara a kan kuɗin da suka rubuta tun kafin faɗuwar naira, suna zaune da tunanin an rufe su, alhali rabi ko sulusi aka rufe. Da kamfanoni za su fitar da shafi ɗaya da Hausa mai bayyana wannan sharaɗi da lissafinsa, da an rage rigima da zargin cuta da ake yi musu, kuma da mutanenmu sun fi yarda da harkar.

Kan kaso an yi ciniki. Wancan jadawalin na NAICOM ya ce cikakkiyar inshorar mota ba za ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajarta ba bayan an cire duk wani rangwame, don haka ba wanda zai sauko ƙasa da nan. Mu an fara ce mana kashi 7, saboda mota ɗaya ce tilo, tsohuwa, mai tafiyar nesa. Masu motoci da yawa sun fi samun sauƙi domin asarar ɗaya tana narkewa cikin kuɗin sauran. Aka sauko 6 bayan mun yarda za mu sa na'urar bin sawu, muka kuma nuna shaidar na'urar kayyade gudu, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya tun Fabrairun 2017, da takardar lafiyar mota ta VIO.

Na sa dillalin ya karanta mini abubuwan da ba a biya, ɗaya bayan ɗaya, yana fassarawa. Inji ya buga don kansa, ba a biya, wannan lalacewa ce ba haɗari ba. Taya ta fashe ita kaɗai, ba a biya, sai in motar ta samu rauni tare da ita. In an sa sabon abu a madadin tsoho, kamar batir ko taya, za ka cika wani abu domin ka samu wanda ya fi naka. In kuɗin gyara ya kusa kuɗin motar, sai a ɗauka ta mutu, a biya ka, gawar ta zama tasu. In an yi lodi fiye da abin da aka ƙera ta ta ɗauka, diyya tana cikin haɗari. Sai kuma fasinja a kan kaya.

Wannan na ƙarshen ya fi kowanne tsaya mini a rai. Kowa ya san yadda ake yi: mota ta tashi da buhuna ko shanu, matasa masu tafiya ci-rani su hau sama su ba direba ɗan abin da ya samu. Talauci ne yake hawar da su, ba ganganci ba, kuɗin bas ya fi ƙarfinsu. Amma in tirela ta faɗi, su ne suke mutuwa da yawa a lokaci ɗaya, kuma motar kaya ba a yi mata inshorar ɗaukar fasinja ba. Iyalansu ba su da inda za su nufa. Mun hana a motarmu, mun kuma ƙara wa direba alawus domin kada hanin ya zama an rage masa abinci. Shi da yaronsa ma cikakkiyar inshorar motar ba ta wadatar da su ba, ƙarfe take karewa da mutanen waje. Sai da muka saya musu ta haɗarin jiki daban, kuma kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba.

Akwai abubuwan da sai ka nema ake ƙarawa. Tarzoma da yajin aiki ba sa cikin takarda ta asali, kuma duk wanda yake da mota a kudu lokacin zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, ko lokacin rikicin kasuwar Sasa a Ibadan a Fabrairun 2021, ya san ba abin wasa ba ne. Mun saya. Ambaliya ma mun saya. Sai iyakar nan ta miliyan 5 a kan dukiyar wani: tirela in ta taka jif ɗaya ta zamani ta wuce wannan kuɗin nesa, ragowar kuma a wuyan mai mota yake. Mun biya ƙari aka ɗaga iyakar. Kuɗin janwe ma yana da iyaka a takarda, kuma ɗago tirela daga rami ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi ma muka sa aka ƙara.

Inshorar kaya takarda ce mai zaman kanta. A nan ba motar ake yi wa kuɗi ba, lodi ake yi wa: mafi tsadar kayan da za ta ɗauka a tafiya ɗaya, da kiyasin abin da za ta ɗauka a shekara. Tan 30 na waken suya kuɗi ne mai yawa, kuma farashinsa yana motsi tsakanin kaka da bazara, don haka muka rubuta da farashin lokacin tsada. Sharuɗɗanta sun haɗa da rufe kaya da tamfol mai kyau da rashin barin mota ba kowa a wurin da ba tsaro. In direba da kansa ya karkatar da kaya, wannan ba ya ciki.

Biya bai ɗauki lokaci ba. Doka ce cewa in ba a biya ba, ba kariya, don haka babu zancen a kawo takarda a biya daga baya. Muka tura kuɗin asusun kamfani kai tsaye, takarda ta fito, na shigar da lambar motar a rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, na ga sunan kamfanin da ranar ƙarewa. Duk mai mota ya kamata ya yi wannan dubawar, domin takardun bogi da 'yan cuwa-cuwa ke haɗawa a bakin ofisoshin lasisi suna da yawa, kuma tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsananta binciken inshora a hanya.

Da shekara ta zagayo, injiniyan ya sake zuwa. Wannan karon dala ta ɗan tsaya wuri ɗaya, sai tsufan motar ya fito fili: kan ya sauko zuwa miliyan 41. Bodin kuwa ya ɗan hau, domin mun canza masa ƙafa ɗaya da tayoyi, muka kuma ajiye rasit. Tunda ba mu nemi diyya ba a shekarar, aka yi mana ɗan sauƙi a kaso. A tsakiyar wannan shekarar ta biyu wani ɗan kasuwa ya nemi mu riƙa kai masa kaya Kwatano. Kafin motar ta tashi na kira dillalin, ya rubuta wa kamfani, aka ƙara Jamhuriyar Benin cikin yankin da kariyar motar ta shafa, aka fitar mana da katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda ake amfani da shi tsakanin ƙasashen yankin tun yarjejeniyar 1982, muka biya cikon kuɗin watannin da suka rage.